Ƙishirwar Mai Azumi

A shekarun baya, in ka shiga masana'antar ɗinkin da ke bayan tashar manyan motoci ka ce kana neman Mai Azumi, ko wanda aka ɗauka aiki jiya zai nuna maka lungun da ke tsakanin ɗakin guga da zauren masu yanka. Nan take zama a kan wani gajeren benci, sandunanta biyu jingine da bango, gabanta injin buga maɓalli mai hannu. Ta shimfiɗa riga, ta saita maɓalli, ta ja ƙarfen, ƙas, ta matsa gaba. Tun safe har a tashi ruwa ba ya ratsa maƙogwaronta. Shi ya sa suka laƙa mata sunan, kuma har gobe akwai masu rantsuwa cewa ba su taɓa ganin mace mai ibada irinta ba. To, ba ibada ba ce. Matar nan ba ta da inda za ta yi fitsari ne, kuma gara a kira abin da sunansa, tunda waɗanda ya kamata su ji kunya ba su ji ba.

Shan inna ya kama ta tana yaye. Ƙafar hagu ta shanye gaba ɗaya, ta dama ta rage da ɗan ƙarfin da za a dogara a kai. Uwarta, wadda wankau ne sana'arta, ta yi ta goya ta zuwa makaranta har sai da bayanta ya ce ya gaji, daga nan aka sassaƙa mata sanduna. Ta girma da hannuwa masu ƙarfi irin na maƙera da fuska mai kyau wadda mutane ba sa tsayawa su kalla, don idonsu ƙasa yake fara sauka. 'Yan'uwanta mata suka yi aure ɗaya bayan ɗaya, ita tana zaune tana yi musu kitso, har aka cire rai.

Sai ga wani mai gyaran agogo, ɗan siririn mutum mai tebur a bakin titi, kullum da gilashi maƙale a ido ɗaya. Agogon uwarta ta kai masa, ya gyara, ya ƙi karɓar komai, ya kuma ce a dawo da shi bayan kwana biyu ya sake dubawa. Agogon nan sai da aka duba shi har ya kusa lalacewa. Ranar da ya fito fili ta ce masa, "Malam, ka duba da kyau, ka ga fa yadda nake."

Ya ce, "Ni da agogon da ya tsaya cak nake harka. Ke kuwa kina tafiya, latti kawai kike yi."

A ɗakin da suka kama haya, kafin ya shigo da gado sai da ya sauko da ƙusoshin rataya kaya zuwa inda hannunta zai kai. Sannan ya samo wani bututun ƙarfe ya kafa a jikin bangon ban ɗakin gidan, daidai inda za ta kama ta tsuguna ta kuma kama ta miƙe. Maƙwabta suka yi ta dariya, wai ango ya fara hidima daga bayi. A duk rayuwarta shi kaɗai ne ya taɓa tsayawa ya yi tunanin yadda take tsugunawa. Suka haifi 'ya mace mai muryar da ke tada gida, ya sa mata Ƙararrawa. Yarinyar ba ta daɗe da shiga makaranta ba ciwon ciki ya kwantar da uban, kafin a gane kan abin ya tafi.

Bayan an share makoki wan mamacin ya zo, wanda yarinyar ke kira Baffa. Ba mugun mutum ba ne, yana da shagon kayan gini da gida cike da 'ya'ya. Ya zauna a bakin ƙofa yana juya hularsa a hannu.

"Kin ga dai halin da kike ciki," in ji shi. "Mai lafiya ma yaya ta ƙare da riƙon maraya? Ki ba ni yarinyar nan in haɗa ta da nawa."

"Yaya, ƙafa ce ba ni da ita. Hannuna biyu."

Ya ce, "To, shi ke nan. Amma 'yar ɗan'uwana ba za ta kwana da yunwa ina raye ba. Duk ranar da kika gaza, ko na ji abin da bai yi mini daɗi ba, zan zo in ɗauke ta, kada ki ce na yi miki fin ƙarfi."

Alheri ne a bakinsa, amma ita ta ji kaifin da ke ciki. Daga ranar ta san lissafinta ɗaya ne: in tana da aiki tana da 'ya, in aiki ya kuɓuce 'yar ta bi shi.

Saboda haka ranar da wani ɗan kwangila mai kai wa masana'antar ma'aikata ya shigo unguwa yana neman naƙasasshiya guda, ta ɗauka Allah ne ya dube ta. Masu sayen kayan kamfanin sun fara tambayar ko ana ɗaukar masu lalura, shi ya sa aka nemi ɗaya, mace, don a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Aka ajiye ta a ƙasa tunda ba ta iya hawa bene, kusa da ɗakin guga, inda tururi ke fitowa kamar daga bakin tukunya. Duk baƙon da ya zo sai an biyo da shi ta lungun, ya tsaya ya yi murmushi, a ɗauki hoto. Ba wanda ya taɓa tambayar inda take zagayawa.

Ga yadda ginin yake. Ban ɗakin mata yana can saman bene, ƙarshen zauren masu ɗinki. Kuma a yi adalci, ba kyauta aka ba su shi ba. Da can bayan katanga suke zuwa, cikin ciyawa, masu lodi suna leƙe. Sai da kwamitin mata ya tsayar da kekunan ɗinki, aka kori wasu, aka yi kuka, kafin a gina musu, kuma a sama aka gina don can mafi yawansu suke. Su ma naƙasassun kamfanin, wani mai kula da sito da ke kan keken guragu da wasu masu yanka biyu, sun yi tasu gwagwarmayar har aka zuba musu gangaren siminti, aka yi musu ɗaki mai faɗin ƙofa da wurin zama da ƙarfen kamawa. Sai dai a lokacin dukkansu maza ne, don haka cikin ban ɗakin maza aka yi shi, can ƙurya, sai ka wuce kwatar da suke tsayawa a jere. Kowane ɓangare yana da hoton ranar da ya yi nasara a bango. Da aka ce mata, ba wanda ya tuna da mai sanda. Da aka ce naƙasassu, ba wanda ya tuna da mai ɗankwali. Akwai na uku a ƙasa kusa da ofis, mai tayil da sabulu, makullinsa a jakar sakatariya.

Da farko benen ta gwada. Zama take yi a matakalar farko ta juya baya, ta dafa da hannu ta ɗaga jikinta zuwa ta gaba, ta jawo sandunan, ta sake ɗagawa. Matakalar nan cike da zare da ƙura da jiƙar takalman masu saukowa. Mata suna ratsa ta suna "sannu, sannu, Allah ya ba da lada," kamar wadda ke aikin gayya. Kafin ta je ta dawo riguna sun taru a gefen injin kamar tsauni, mai duba aiki yana tsaye yana kallon agogo.

"Ina kika shiga haka?"

"Sama na je."

"Saman bakwai? Kin ga masu ninki suna zaune suna jiranki?"

Wata rana da zafi ya yi yawa ta sha ruwa fiye da yadda ta saba. Ta daure, ta daure, har ta kasa. Tana tsakiyar matakalar abin ya ƙwace mata. Allah ya taimake ta ba kowa a wurin. Ta zauna cikin jiƙar tana jin ɗuminta yana sanyi, mace mai 'ya, matar mutum har ya mutu. Sai ta cire murfin gorar ruwan da ke rataye a wuyanta ta juye sauran a cinyarta, don in an tambaya ta ce gora ce ta zube. Haka kuwa ta ce, aka yi dariya, ita ma ta taya su.

Bayan wannan ta gwada na mazan. Ta bari sai lokacin cin abinci, da suka fita bakin ƙofa wurin masu sayar da abinci, ta lallaɓa ta hau gangaren. Ɗakin kuwa kamar don ita aka yi shi. Da ta kama ƙarfen sai da mijinta ya faɗo mata a rai. Ta yi kwanaki tana haka, har ranar da ta buɗe ƙofa ta tarar da wasu masu yanka tsaye a bakin kwata. Ɗaya ya yi salati yana gyara wando, ɗayan ya bushe da dariya.

"A'a! Yau baƙuwa muka yi? Hajiya, wa kike nema a ciki, ko in kira miki shi?"

Sandarta ta zame a jiƙaƙƙen siminti, da ƙyar ta tsaya. Kafin a tashi labari ya zaga, kuma kowane baki ya ƙara masa gishiri. Matar da ba miji, an gan ta tana fitowa daga bayin maza lokacin da ba kowa. Wani direban kamfanin abokin cinikin Baffa ne. Ba a rufa mako ba sai ga Baffa a bakin ƙofarta, hula a hannu.

"Na ji wata magana, ban dai yarda ba. Amma ki sani yarinya mace kike riƙo."

Ba ta iya buɗe baki ta yi wa wan mijinta bayanin fitsari ba. Ta ce, "Ba za ka sake ji ba, Yaya."

Kada wani ya ce ba ta nemi haƙƙinta ba, ta nema. Ta tare shugabar kwamitin mata a gindin bene, wata ƙaƙƙarfar mace mai kaifin harshe wadda manaja kansa ke shakka, wadda kullum maganarta ita ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Shugabar ta saurara da gaske, har ta dafa kafaɗarta.

"Wallahi ƙanwata na tausaya miki. Amma kin san wuyar da muka sha kafin a ba mu wancan? Yanzu maganar hutun haihuwa muke ja da su, abin da ya shafi mata duka. In na shigo da zancen wani ban ɗakin saboda mutum ɗaya, cewa za su yi ba ma godiya. Taki matsalar ta ƙafa ce. Ki je wurin mutanenku, ai suna da shugaba."

Ta je wurin mutanenta. Mai kula da sito ya juyo da kekensa ya tarbe ta da fara'a, yana kiranta 'yar'uwa.

"Ai an gama wannan yaƙin tun kafin ki zo. Ga shi can, namu ne mu duka, ki shiga abinki."

"A cikin na maza yake, Malam."

"To mene ne? Naƙasa ta san namiji da mace ne? Ki kau da kai kawai." Da ya ga ba ta motsa ba sai ya sassauta murya. "In kuma maganar kunya ce da surutun mutane, wannan harkar mata ce, ki samu shugabarku."

Sakatariya ba ta ma bari ta gama ba, ta ce ban ɗakin ofis na manyan ma'aikata ne da baƙi, in ta ba mutum ɗaya gobe masu guga za su yi layi. Ƙungiyar ma'aikata ta ce ita ba 'yar kamfani ba ce, ta ɗan kwangila ce. Ɗan kwangila kuwa ya nuna mata bakin ƙofa da haɓa, inda mutane ke tsaye cikin rana suna jiran a ce ana neman hannu, ya ce in wurin bai yi mata ba ta faɗa tun da wuri. Ba wanda ya zage ta. Kowa da murmushi ya tura ta ƙofar gaba, har ta zagayo inda ta fara.

To sai ta yi abin da ya rage a hannunta. In ba a shiga da ruwa ba, ba abin da zai nemi fita. Ta ajiye gorar a gida. Da safe ta kurɓi abin da zai jiƙa harshe, shi ke nan sai yamma.

A ɗakin guga akwai wata mata mai jiki da baki, wadda kowa ke kira Mai Guga kamar ita kaɗai ce ke yi. Ita ce ta fi kowa janta da wasa. Ta leƙo rannan da kofi cike da ruwan sanyi, gumi na zuba mata.

"Ke 'yar maɓalli, karɓi ki sha kafin ki zama kilishi."

Ta kalli kofin, raɓa na gangarowa a jikinsa. Sai bakinta ya ce, "Azumi nake."

"Yau? Yau wace rana ce?"

"Na nafila ne."

Washegari ma haka, jibi ma haka. Mai Guga ta riƙe haɓa ta juya wurin sauran. "Jama'a, ku zo ku ga waliyyiya a lungunmu! Mu muna nan muna cika ciki kamar jarka, baiwar Allah tana tara lada. Mai Azumi, in kin shiga Aljanna ki riƙe mini ƙofa, kin san ni da nauyin jiki."

Sunan ya zauna daram. Aka daina miƙa mata ruwa, aka koma sha a bayan idonta don girmamawa. Masu ciki suka fara zuwa ta shafa musu addu'a, mai neman miji ta zo, mai ɗa a asibiti ta zo. Masu yankan da suka yi mata dariya suka koma gaishe ta da rusunawa. Labarin ya kai wa Baffa, ya ji daɗi, ya ce dama shi bai yarda da waccan maganar ba. Ƙaryar da ta yi don kunya ta wanke mata suna fiye da yadda gaskiya za ta iya, ta kuma rufe ta ruf, don yanzu ko kurɓa ɗaya ta yi a gaban mutane ta zama maƙaryaciya. Abin ya dame ta, tana tsoron yi wa Allah ƙarya, sai ta koma ɗaura niyya da gaske a mafi yawan ranaku, tana roƙon Ya karɓa ko da ba don Shi aka faro ba.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Matan nan duk sun san ba macen da ke azumi wata cur ba hutu. Sun san akwai kwanakin da dole a ajiye. Amma ko sau ɗaya ba wadda ta ƙirga mata. Sun yanke a tsakaninsu cewa ciwon da ya cinye ƙafafun ya cinye wancan ma, alhali ga 'yarta nan tana yawo a duniya. A kwanakin nan tsumma take ninkawa ta zauna a kai tun safe har yamma cikin tururi, ba ta da inda za ta canza, 'yan'uwanta mata suna wucewa suna cewa ta sa su a addu'a.

Da yamma in ta sauka daga mota ta shigo gida, ba ta ko amsa sallama sai ta wuce wurin bututun mijinta. In ta fito, Ƙararrawa na tsaye da babban kofin silba cike taf, riƙe da hannu biyu. Wannan aikinta ne, ba wanda ya sa ta.

"Inna, a sha ruwa!"

Uwar ta kafa kai ba ta saukewa sai ta ga gindin kofin, yarinyar ta ruga ta sake cikowa tana dariya. "Inna, ke raƙumi ce?" Sai ta jawo ta jikinta, ta duba littattafanta, ta tsefe mata kai. Saboda wannan sa'ar take yin sauran duka.

Jiki magayi. Da farko zafi ne in ta zo fitsari, kamar an zuba barkono, fitsarin kuma ya koma kalar shayin da ya daɗe a wuta. Ta sayi ƙwayoyi a kantin magani, ya lafa, ya dawo. Sai ciwon kwiɓi, sai zazzaɓin da ke zuwa yana tafiya. Asibiti yini guda yake ci, kuma ma'aikaciyar ɗan kwangila in ta yi fashin yini ba ta da tabbacin samun bencinta gobe. Haka aka yi ta tafiya shekara da shekaru, Ƙararrawa ta fara tsayi har ta kai kafaɗar uwar. Daga baya fuskarta ta fara kumbura da safe, ƙafar damar ta cika ta ƙi shiga takalmi. Mai Guga ta ce, "Kai, Mai Azumi, ke azumi ƙiba yake sa ki? Ba ni sirrin." Wata ranar aiki ta ja ƙarfen injin, hannun ya ƙi, ta kifa a kan rigunan.

Likitan da ya duba ta matashi ne mai gaggawa. Ya tambaye ta ko tana shan ruwa sosai, ta ce da yamma. Ko tana riƙe fitsari, ta ce eh. Ya girgiza kai ya ce wannan shi ne matsalar mutanenmu, rashin sani. Ya ce ciwon sanyin mafitsara ne da aka yi ta bari yana hawa sama har ya cinye ƙodojin biyu, abin da ya rage kaɗan ne, sai dai a yi ta wankin ƙoda in da hali. Sannan ya ce daga yau a rage mata ruwa ƙwarai, don jikin ba ya iya fitar da shi, in ta sha da yawa a huhu zai taru. Ta waiwaya. Ga ban ɗaki nan kusa da gadonta, mai faɗin ƙofa, har da ƙarfen kamawa.

Ba ta bar asibiti ba aka cike gurbinta. Ɗan kwangila ya kawo wani gurgu, namiji, wanda gangaren siminti ya yi masa daidai. Baƙi suka ci gaba da biyowa ta lungun ana ɗaukar hoto.

Da aka sallamo ta, shugabar mata da Mai Guga suka zo dubiya da 'yar ledar lemo. Mai kula da sito ya aiko da gaisuwa. Shugabar ta ce Allah yana jarraba bayinsa na gari, ta ce azumin ne ya yi yawa, ibada ma ana yi da sauƙi.

"Ba azumi ba ne," in ji ta daga kwance. Muryar ta shige ciki, amma ta fito. "Ban ɗaki ne ba ni da shi. Na sama ban iya hawa, na ƙasa na maza ne. Na faɗa miki, Shugaba, a gindin bene."

Shugabar ta ce, "Ai ban san abin ya kai haka ba. Da kin dawo kin matsa mini..."

Mai Guga ta matso. Ta zauna daɓas a bakin gado, gadon ya yi ƙara. Can ta ce, "Duk shekarun nan? Ina shan ruwa ina juya miki baya wai kada in karya miki azumi?" Hawaye suka zubo mata. "Ke kuwa wace irin muguwa ce? Da kin faɗa mini ai da na goya ki."

"Kullum, Yaya? Da bayan naki?"

"To bokiti fa? Bokiti da labule a bayan ɗakin guga! Ni zan zubar, wallahi ni zan zubar!" Ta juya kan shugabar. "Bokiti, Shugaba! Mu da muka tsayar da kamfani guda!"

Ihu bayan hari. Sun tafi suna cewa za a kai maganar gaba, wataƙila ma sun kai.

Baffa ya bari ta ɗan ji ƙarfi kafin ya zo, wannan kam ya kyauta. Ya zauna a bakin ƙofa, hula a hannu, kamar wancan karon. Ya ce zai taimaka da abin da ya samu na asibiti. Ya ce yayarta ta yarda ta koma wurinta da zama, sai dai ɗakin ba zai ɗauki mutum biyu ba. Ya ce yarinyar ba za ta bar makaranta ba, ya yi alkawari, kuma za a riƙa kawo ta.

Uwar ta sunkuyar da kai. Hannuwan da ta taɓa nuna masa suna kan zane, a kumbure, ko zobe ba ya fita.

"Na gaza, Yaya," ta ce. "Ka riƙe ta amana. Ba ta son a tsefe mata kai da ƙarfi."

Ƙararrawa ta haɗa kayanta a jakar makaranta da wata leda, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi magana ba, ita da gida ba ya zama shiru in tana ciki. Baffa ya riga ya fita yana jira a waje. Yarinyar ta kai bakin ƙofa sai ta ajiye jakar ta koma. Ta ɗauko kofin silbar ta cika shi taf yadda ta saba, ta kawo da hannu biyu tana takawa a hankali kada ya zube.

"Inna, a sha ruwa."

An riga an ba uwar rabonta na ruwan yinin tun da hantsi. Ta karɓa, ta kai baki, ta bari ruwan ya taɓa leɓɓanta kawai, ta motsa maƙogwaro yadda yarinyar za ta ga kamar ta haɗiya.

"Ki shanye mana."

"Zan shanye, uwata. Je ki, Baffa na jira."

Ta ji takunta a tsakar gida, ta ji ƙarar ƙofar waje. Kofin yana hannunta cike, ta rasa inda za ta ajiye shi, sai ta ci gaba da riƙewa.